Gashi Daga Nesa: Abin Da Ke Hana Ma'aikata Sakin Jiki

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 2,400 ne ke fama da lalurar da aikin farfaɗo da gaɓoɓi zai amfana musu, kamar masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka karye, da masu ciwon baya. Likitocin gashi kuwa ba su da yawa, galibinsu kuma a birane suke. Wannan ya sa aka daɗe ana batun duba majiyyaci daga nesa, watau likita ya gan shi ta bidiyo a waya ko kwamfuta, ya koya masa motsa jiki yana gidansa. Abin da ya faru a Amurka ya nuna inda gizo ke saƙar.

Kafin shekara ta 2020, shirin Medicare, mai biyan kuɗin maganin tsofaffin ƙasar, ba ya biyan likitan gashi ladan aikin da ya yi ta bidiyo, saboda haka kaɗan ne ke yin sa. Da annobar korona ta hana jama'a zuwa asibiti, sai ran 30 ga Afrilu, 2020, hukumar shirin ta yarda ta riƙa biya. Nan da nan ma'aikata suka rungumi hanyar, domin sun san majiyyacin da ya yi makonni bai motsa ba, gaɓoɓinsa kan sandare. Bugu da ƙari, bidiyo ya nuna musu abin da ɗakin asibiti ba ya nunawa: tsayin gadon mutum, da matakalar gidansa, da yadda yake shiga bayan gida.

Duk da haka, akwai abubuwa huɗu da ke sa su ɗari-ɗari. Na farko, gashi aikin hannu ne. Likita da tafinsa yake jin taurin tsoka da zafin kumburi, kuma idan tsoho ya yi tangaɗi wajen koyon tafiya, ba wanda zai tare shi ta cikin waya. Na biyu, izinin biyan na wucin gadi ne. Majalisar Dokokin Amurka ta yi ta ƙara masa wa'adi, zuwa ƙarshen 2024, sannan Maris 2025, sannan Satumba 2025, har ya yanke na 'yan makonni a Oktoban shekarar lokacin da aka rufe ayyukan gwamnati. Da wuya mai asibiti ya zuba jari cikin kayan aikin da bai san makomarsu ba. Na uku, doka ta bukaci likita ya sami lasisin jihar da majiyyacin yake zaune. Na huɗu, tsofaffi da mutanen karkara, waɗanda suka fi bukatar wannan taimako, su ne suka fi ƙarancin intanet.

Ostareliya ta bi wata hanya dabam, domin tun Janairu 2022 ta mai da biyan ladan duba majiyyaci daga nesa abu na dindindin, ma'aikata suka san matsayinsu.

Darasin ya shafi ƙasa irin Nijeriya, inda mai shanyewar ɓarin jiki kan baro ƙauyensu da asuba don gashin rabin sa'a a birni, sau da yawa kuma kuɗin mota kan sa ya daina zuwa. A nan ƙarancin wutar lantarki da tsadar data sun ƙaru a kan waɗancan matsaloli. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara duba majiyyaci ido da ido, a horar da ɗan'uwansa ko ma'aikacin lafiya na ƙauye ya zama hannun likita, sa'an nan a ci gaba da bibiya ta waya. Lalle ne kuma hukumomin inshorar lafiya su tsai da ladan wannan aiki a rubuce, domin ma'aikacin da bai san wanda zai biya shi ba, ba zai ɗore a kan aikin ba.