FILIN TURANCI: Kowane Ci da Sunansa

Darasinmu na wannan wata a kan ci ne. Bahaushe kan ce yaro ya ci goro, ɓera ya ci buhu, ruwa ya ci hanya, tsatsa ta ci kwano. Kalma guda ta ishe shi. Shi kuwa Bature sai ya tambaya: wane ne ya ci, kuma da me ya ci?

In da haƙori ne, a cikin baki, to "chew" ke nan, wato tauna. Don haka goro "chew" ɗinsa ake yi a Turanci. Tuƙar da akuya ke yi kuwa ita ce "chew the cud". In abu ne mai tauri, ana gaigayarsa kaɗan-kaɗan, kamar kare da ƙashi ko ɓera da ƙofa, sai a ce "gnaw". A lura, ba a furta harafin g na farkonta. "Nibble" ɗan gutsira ne, irin na wanda abinci bai dame shi ba.

Sai cin da babu haƙori a cikinsa. In ruwa ko iska suka zaizaye ƙasa, "erode" ake cewa. Duk wanda ya je Keta a Yankin Volta ya ga misali: ganuwar Prinzenstein, wadda Turawan Danmak suka gina a 1784, teku ta cinye babban ɓangarenta. In tsatsa ko ruwan batir suka ci ƙarfe, wannan "corrode" ne. In kuwa yawan amfani ne ya suɗe taya ko takalmi, sai a ce "wear out". Ta kan juya ta zama "wore" da "worn".

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan jarrabawa ne kawai. Dubi kwalin magani. Wani an rubuta masa "chewable", wato a tauna shi. Wani kuma "swallow whole, do not chew", ma'ana a haɗiye shi ɗungurungum. Irin wannan sau da yawa an yi shi ne don ya narke a hankali cikin sa'o'i. In aka tauna shi, ƙarfinsa na iya fita gaba ɗaya ya yi wa jiki yawa. Mai karanta wa tsoho ko tsohuwa kwali a gida, amana ce a hannunsa. In bai gane ba ya koma wurin mai sayar da magani, matambayi ba ya ɓata.

Ɗalibanmu a nan Gana sun san "chew and pour", wato a haddace, a zubar a takarda, a manta. To, wannan darasi dai a tauna shi sosai, amma a haɗiye.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.