Dodon Bango Ya Shiga Aljihu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ga magana a kan wani al'amari da ya shafi gidan kowa.

A watan Mayu na shekarar 1446 ta Hijira, watau 2025, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakinsu ba a kawo mata ta duba ba. Jama'a da yawa sun yi murna. To, amma ya kamata mu waiwayi baya mu ga ko hani kaɗai ya taɓa tsayar da wannan sha'ani.

Tun zamanin Turawa majigi ke yawo a mota gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa talakawa tsabta da noma, kamar Baban Larai da aka yi don noman auduga. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, bayan ganuwa. Malamai suka ƙi ta, mutane suka sa wa abin suna dodon bango. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951 ta halaka mutum fiye da 300, da yawa suka ce ishara ce. Duk da haka gidajen silima suka yi ta ƙaruwa.

Sa'an nan wasannin Indiya suka zo, suka zauna a zukatan mutane, domin a cikinsu an ga kunya, da girmama iyaye, da auren tilas, abubuwan da Bahaushe ya sani a gidansa. Har ta kai waɗansu masu bandiri a Kano, da ake kira Ushaƙu Indiya, suka ari karin waƙoƙin nan suka ɗora yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, a kai. Ko mai ƙin wannan aiki ya san ya nuna ƙarfin abin: ya shiga har wajen bege.

Da bidiyo ta samu, samarinmu suka soma yin nasu. Turmin Danya ya fito a 1990. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai suka zama su ne masu sayen wasa su buga kaset su rarraba har Maraɗi da Kumasi. A lokacin akwai ƙofa guda da kaya ke bi, saboda haka da aka kafa hukumar tacewa a 2001 tana iya tsayawa a bakin ƙofar nan. Yau kuwa kaset ya mutu, faifai ya bi shi. Wasa yana fita ta YouTube ya faɗa wayar yaro cikin ɗakin uwarsa, ba tikiti, ba mai gadi. Kuɗin mai wasa kuma yana zuwa ne daga talla, gwargwadon yawan masu kallo. Wanda cinsa ya rataya ga yawan ido, lalle zai nemi abin da ke jan ido.

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi nufin gina ƙauyen shirya fim a Kofa ta ƙasar Bebeji. Malamai suka tashi a kan mumbari, aka janye. Tsoronsu ga tarbiyya gaskiya ne, ba mai musu. Amma ba a fasa yin wasa ba ko na rana ɗaya. Abin da aka rasa shi ne wuri guda da za a iya sa ido a kai, a koyar, a gyara.

Don haka shawarata biyu ce. Ya ku malamai, masu rubuta wasannin nan 'ya'yanku ne, da yawansu sun riƙe allo a gabanku. Idan za su nuna saki ko rabon gado ko idda, sau da yawa kuskure suke yi don rashin mai gaya musu, dubban mata kuma su ɗauka hukunci ke nan. Ku buɗe musu zaure su kawo labari tun yana kan takarda, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma attajirai, tallan atamfa da shinkafa da turarenku ne ke ɗaukar nauyin wasanni da yawa. Kafin ku ba da kuɗi, ku tambayi abin da za a nuna a gefen hajarku, kamar yadda ba ku sayen dila sai kun kwance ta. Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin malami ne, an kuwa mai da shi fim a 1976 ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba. Ashe ana iyawa, in an sami mai ilmi da mai dukiya sun tsaya.

Hukuma ta yi nata, amma hannunta ba ya kai wa aljihun kowa. Saura namu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu dace, amin. Wassalam.