Mu Gyara Turancinmu: Kalmar "Hot" Da 'Yan Uwanta

 Mu da muka tashi a Isa da Sabon Birni ba sai an ba mu labarin bazara ba. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, rufin kwanon aji ya ɗau wuta, ruwan randa kansa ya yi ɗumi. Amma idan aka ce mu faɗi wannan da Turanci, yawancinmu kalma ɗaya ce ke zuwa bakinmu, wato "hot". Yau ita da 'yan uwanta za mu duba, domin suna cikin kalmomin da ke cinye wa ɗalibai maki.

Ga yadda abin ke faruwa. A takardar Turanci ta WAEC da NECO, bayan an karanta labarin auna fahimta, akan ciro wasu kalmomi a ce ɗalibi ya kawo wata kalma da za ta zauna a gurbin kowace, daidai da yadda aka yi amfani da ita a labarin. A ce an rubuta: "The elders had a heated discussion about the borehole." Wanda zafin wuta kaɗai ya sani zai rubuta "warm" ko "boiled", makin ya tafi. Amsar ita ce "angry", domin dattawan nan sun ɗaga wa juna murya ne a kan rijiyar burtsatse. Irin waɗannan ƙananan maki ne ke raba C6 da D7, kuma mun san babu shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato sai da kiredit a Turanci.

Zafin gari

Zafi hawa-hawa ne. "Warm" shi ne ɗumi mai daɗi, irin na hantsi a lokacin hunturu. "Hot" ya fi shi. "Scorching" ita ce rana mai ƙuna, wadda ke busar da geron da ya tsiro idan ruwa ya ɗauke: "The scorching sun dried the young millet." "Sweltering" kuwa zafi ne mai zuwa da gumi da ƙunci, irin na daren da hadari ya haɗu amma ruwa bai sauka ba. A kula, "hot" siffa ce, sunan shi ne "heat". Kuskure ne a ce "The hot is too much". Daidai shi ne "The heat is too much".

Zafin zuciya

A nan Hausa da Turanci sun yi kama. Mai zafin rai shi ne "hot-tempered", mai zafin kai da ke aikata abu kafin ya yi tunani "hot-headed", jawabi mai tayar da tsimi kuma "fiery speech". Akwai kalmomi biyu da masu shirya jarrabawa ke so: "ardent" da "fervent". Dukansu daga Latin suka fito, ta farko daga kalmar ƙonewa, ta biyu daga kalmar tafasa. Suna nufin tsananin so ko himma. Abokinmu da ba ya barin gidan kallo ranar da Arsenal ke wasa shi ne "an ardent supporter". Kishiyarsu "lukewarm", ruwan da bai yi zafi ba bai yi sanyi ba. Idan aka ce "a lukewarm welcome", an karɓi baƙo ne ba yabo ba fallasa.

Abin da ke tashe

Maganar da ta cika gari, kowa na tofa albarkacin bakinsa a majalisa da teburin mai shayi, ita ce "a hot topic". Hajar da ake wawaso kamar ƙosai da sassafe akan ce tana "selling like hot cakes". Yayin ɗinki ko na takalmi "in vogue" ne, abin da ya karaɗe Facebook ko TikTok kuma "trending". Kar mu rikita "popular" da "famous": ta farko wanda jama'a ke so, ta biyu wanda aka sani ko'ina. Wanda ya yi suna a kan mugun hali "notorious" ne, kuma kiran shugaban makaranta da wannan kalma a cikin wasiƙa ba ƙaramar katoɓara ba ce.

Sabo dal

Gidajen rediyonmu kan ce labarai da ɗumi-ɗuminsu, Bature kuma ya ce "hot news", ko "hot off the press" ga jaridar da ta fito yanzu daga injin ɗab'i. Ita ma "brand-new" wuta ce asalinta: a tsohon Turanci "brand" na nufin itace mai ci da wuta, don haka ma'anar ita ce abin da ya fito daga wutar maƙera yanzu-yanzu, kamar fartanyar da maƙeri bai gama sanyaya ta ba.

Inda ake tuntuɓe

Haɗarin yana wurin da muka ɗauko "zafi" na Hausa muka dasa masa "hot" kai tsaye. Ƙafata tana zafi shi ne "My leg hurts". Na ji zafin maganarsa, "His words hurt me". Mai zazzaɓi zai ce wa likita "I have a fever". Ɗan wasa mai zafin nama "agile" ne. Wanda ya ce "he has hot meat" ya mayar da shi mai tsire. Haka kuma miya mai yaji "hot" ce a Turanci ko da ta huce. Sannan a Turancin Nijeriya wasu kan ce "hot drink" suna nufin giya mai ƙarfi, don haka a gidan biki a ambaci shayi da sunansa. Siffanta mutum da "hot" kuma magana ce ta sha'awa wadda ba ta dace da aji ko gaban manya ba.

Dabarar da muke ba ku ita ce, duk kalmar da kuka tsinta ku rubuta ta a littafinku tare da jimlar da ta zo a ciki. Jimla ce ke nuna wane irin zafi ake nufi.

Aikin mako

Ku kawo kalmar da za ta maye gurbin wadda ke da alaƙa da zafi a kowace jimla:

1. She made a fervent appeal for more teachers.
2. The price of fertiliser is a burning issue in Isa.
3. The new timetable got a lukewarm response.

Ku gwada, ku nuna wa malamin Turancinku kafin fitowa ta gaba, inda za mu kawo amsoshi sannan mu shiga kalmomin sanyi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Allah ya ba da sa'a.