An Sauke Inji An Mayar, Mota Ta Ƙi Tashi: A Daina Canki-Canka, A Koma Ga Awo

Duk wanda aka taɓa sauke wa injin mota ya san zaman ɗar-ɗar na ranar da za a tayar da ita. An sa sabon ring, sabon mital da sabon gasket, aljihu ya ji jiki. A murɗa makulli, kik ya yi ta juyawa, inji ya ce bai san zance ba. Daga nan sai a shiga canki-canka: "Alhaji, kwayil ne." A sayo. "To, famfon mai ne." A sayo. Kafin mako ya zagayo an fara zargin ƙwaƙwalwar motar, wadda da ita aka tuƙo ta har gareji.

Ni a ganina wannan ɓarnar dukiya ce. Kayan da ke aiki kafin a sauke inji ba sa mutuwa don sun kwana a kan benci. Galibi wani abu aka manta ba a haɗa ba, ko aka ɗaura shi a karkace. Awo ne ke gano irin wannan matsala, sayayya ba ta gano ta.

Da farko a sarara wa makulli. Sabon inji bai gama samun baƙin mai a ko'ina ba, kuma duk juyawar da ya yi a bushe mital ɗin nan take ci. Fetur ɗin da bai ƙone ba kuwa yana wanke man da ke jikin silinda, ring ya kasa zama da kyau. Kada a wuce daƙiƙa goma zuwa sha biyar ana kik, sannan a bar shi ya huce. Mafi kyau ma a cire filogi da fiyus ɗin famfon fetur, a juya injin har fitilar baƙin mai ta mutu, kafin a nemi ya tashi.

Injin fetur abu huɗu yake buƙata: wuta, mai, matsin iska a silinda, da kuma zuwan kowanne a kan lokacinsa. Kowannensu ana iya auna shi.

A fara da batir. Mitar awon wuta za ta nuna kusan volt 12.6 idan ya cika, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da ake kik. Sabon inji yana da tauri, batir mai rauni ba zai juya shi yadda ake so ba. A duba wayar as da ke haɗa inji da bodi, domin tana cikin abubuwan da aka fi mantawa.

Sai taimin. Kiranshaf yana zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, don haka a sa sifana a juya injin da hannu sau biyu, a ga ko alamomin sun dawo daidai. A injina da yawa, idan bel ko sarƙar taimin ta goce sosai, fiston zai daki bawul ya lanƙwasa shi. Hannu zai ji turjiyar ya tsaya, amma kik ba ruwansa. A tsofaffin motoci masu distiributa kuma, akan dasa ta a juye da rabin zagaye, ko a sauya wayoyin filogi. Yawancin injina masu silinda huɗu suna bin tsarin 1-3-4-2.

A nan ne na'ura ke da rana. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16 a ƙarƙashin dashbod, na fetur na Turai kuma suka biyo baya a 2001. Ɗan ƙaramin abin karanta lambobi irin ELM327 yana haɗuwa da wayarka ta Bluetooth, manhaja irin Torque ta nuna maka abin da motar ke faɗa. Lamba P0335 tana nuni ga sensar kiranshaf, P0340 ta kamshaf, P0016 kuma tana cewa su biyun ba su daidaita ba. Idan ana kik amma gudun inji a allon wayar ya tsaya a sifiri, to ƙwaƙwalwa ba ta ganin injin yana juyawa, kuma ba za ta saki wuta ko mai ba. Sau da yawa soket ɗaya ne ba a danna shi ya shiga ba.

Wani zai ce tsofaffin makanikai da kunne suke gane ciwon inji. Gaskiya ne, kuma ƙwarewarsu abin girmamawa ce. Na'ura ma ba ta san komai ba: lamba tana nuna layin da ke da matsala, ba ta cewa a sayi sabuwar sensa, kuma ba za ta maye gurbin gejin awon matsin silinda ba. Amma kunne ba ya jin siginar sensa. Mai ƙwarewa da ya riƙe na'ura shi ne cikakken makanike a yau.

Kai kuma mai mota, kana da haƙƙin tambaya. Duk lokacin da aka ce ka tafi Ƙofar Ruwa ko Fanteka ka sayo wani abu, ka ce cikin ladabi: "Maigida, me aka auna, kuma me ya nuna?" Wanda ya san aikinsa zai amsa maka nan take. Idan amsar ita ce "mu dai gwada mu gani", to ka riƙe kuɗinka da makullinka har sai an yi awo.