Kafin A Saki Feji Na Ɗaya



Duk wanda ya daɗe yana bin littattafan da ake saki a WhatsApp da Wattpad ya san yadda abin yake tafiya. Sabuwar marubuciya ta zo da littafi mai daɗin suna, ta yi sanarwa cewa kullum bayan Isha'i za a samu feji. Satin farko ba fashi. Sati na biyu feji ya fara gajarta. A na uku sai a ga "ku yi haƙuri, wayata ce ta samu matsala", daga nan ɗif. Bayan wata biyu sai ga ta da sabon littafi, wancan kuwa an bar jaruma a ɗakin haihuwa, har yau ba ta sauka ba. Maza ma ba a bar mu a baya ba.

Da yawa suna cewa lalaci ne. Ni ban yarda ba. Wanda ya iya rubuta kalma dubu biyu da babban yatsa a kan waya, kwana goma a jere, ba malalaci ba ne. Abin da ke kashe mu shi ne shawarar nan da ake ba kowane sabon shiga, wai in yana son a san shi to ya riƙa saki kullum. Rubutu kullum abu ne mai kyau. Saki kullum kuwa, ga wanda bai ajiye komai ba, hannu baka hannu ƙwarya ne. Ranar da aka ɗauke wuta caji ya ƙare, ko aka yi baƙi, ko jarrabawa ta matso, ba abin da zai ba masu jira. In ya yi fashin kwana uku sai kunya ta kama shi, ita kuma kunyar ta hana shi komawa.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan. Mai rubutawa yau ya saki yau ba shi da damar komawa baya. In ya kai feji na 30 ya gane cewa mijin da ya kashe a feji na 8 shi ne ginshiƙin labarin, bakin alƙalami ya bushe. Sannan masu karatu su karɓe ragama: wannan ta ce a saki Hajiya, wancan ya ce wallahi in Ummi ta auri Alhaji ya daina karantawa. Marubuci ya biye musu don kada sharhi ya ragu, sai labari ya koma kamar miyar gidan biki, kowa ya jefa nasa gishirin. Littattafai da dama da aka watsar, nan suka mutu, mai su ya daina gane abinsa.

Mu tuna yadda aka yi Magana Jari Ce. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, ya zauna kimanin wata shida ba shi da aiki sai rubutu, ga Rupert East yana dubawa. Jama'a ba su ga littafin ba sai da ya kammala. Mu ba wanda zai ɗauke mana makaranta ko shago ko girki na wata shida, amma kuma muna yi wa kanmu sharaɗin da ko Imam ba a yi masa ba. Haka lokacin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu: littafi kan fito na ɗaya, a jira watanni kafin na biyu ya iso kasuwa, kuma masu karatu ba su gudu ba.

Na san abin da za a ce: zamani ya canza, yanzu in ka yi jinkiri wasu goma sun cike gurbinka. Da gaskiya a ciki. Sai dai ku lura da kanku a matsayin masu karatu. Wa kuka fi jin haushi, wadda ta ce Litinin da Alhamis kuma ta cika, ko wadda ta ce kullum ta ɓace? Mai karatu yana iya jira in ya san ranar.

Lissafin ma ba wuya. Kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, 1,500 ke nan, wato daidai iyakar tsawon labarin da ake karɓa a gasar Hikayata ta BBC Hausa. A cire azumi da sallah da jarrabawa da rashin lafiya, a ce mako 40 aka samu a shekara. Kalma 60,000, cikakken littafi. Kalma 300 kuwa ko a Keke Napep ana iya rubuta ta. Abin da nake ba da shawara shi ne kada a saki feji na ɗaya sai an rubuta aƙalla ashirin, kuma an san inda labarin zai ƙare, ko da a layi biyar ne a bayan littafin rubutu. In ana sakin biyu a mako, ashirin ɗin nan rumbu ne na mako goma. A kuma ajiye kwafi a imel, don waya ba ta da alkawari.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne littafin kuɗi. Idan ka karɓi ɗari biyar ɗin mutum a kan littafin da ko rabi ba ka rubuta ba, bashi ka ci. Wata daga kuɗin cefane ta tsakura, wani kuɗin datarsa ne. In ka tsaya a hanya ba ka mayar ba, haƙƙi ne a wuyanka, kuma ka ɓata wa na bayanka kasuwa, domin wanda aka yi wa haka sau biyu ba zai sake biyan sabon suna ba, sai dai ya jira a fitar masa a ɓagas.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu su duba wannan: kada a ɗora tambarin ƙungiya a kan littafin kuɗi na sabon mamba sai mutum biyu daga cikinmu sun ga ƙarshensa da idonsu. Na san wasu za su ce an takura musu, musamman masu cewa ba sa iya rubutu sai suna jin ɗumin masu karatu. Su ina so in ji ta bakinsu kafin mako mai zuwa.