Kokowar ƙauye ba ƴar rakiyar Takobi ba ce

Kowace shekara, idan sanyi ya kankama, ƙasar Nijar kan tsaya cik har kwana goma. Jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, su haɗu a fage ɗaya. Rediyo da talabijin su ɗauka. A ƙarshe mutum ɗaya ya koma gida da takobi da doki da kuɗi. Haka ake yi tun 1975, lokacin da aka buɗe gasar a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. Jahar Doso ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Filin kokowar birnin Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, kuma Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023.

Duk wannan abin alfahari ne, ba mu musa ba. Abin da muke musu shi ne ra'ayin da ya zauna a zukatan hukumomi, da ma wasu malamai da shugabannin ƙungiyoyi, cewa tunda Takobi yana raye to kokowa tana raye. Wannan ruɗin kai ne. Takobi reshe ne. Saiwar tana fagen ƙauye, a Matankari da Bagaji da Lugu da Gesheme da Dumega, kuma saiwar nan ce muka daina ba ruwa.

Mu tuna yadda abin yake tun asali a Arewa. Idan gero ya shiga rumbu, samarin gari kan aika goron gayyata zuwa maƙwabta. Baƙi su zo da makaɗansu, a rarraba su gida-gida, a shayar da su fura kafin a tambaye su abin da ya kawo su. Dattawa su zauna gefen fage, su ne alƙalai, su ne masu tsawatawa. Wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe ƙasa, da dare ya ci tuwo a gidan wanda ya kayar da shi. A nan ake ganin ƴar da za a nema, a nan ake kashe wutar rikicin iyakar gona tun tana hayaƙi, a nan yaro ke koyon cewa faɗuwa ba mutuwa ba ce. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Kokowar kaka ita ce dalilin da ke ɗaga ƙafar.

Me muka mayar da ita yau? Matakin tankaɗe da rairaya. Ana tuna ƙauye ne kawai idan lokacin zaɓen wakilan jaha ya ƙarato: a kwashi ƙarfafa biyu ko uku, a bar sauran da ƙura. Wanda bai kai nauyin Takobi ba, da yaron da bai wuce shekara goma sha biyar ba, da tsohon makaɗin da ya riƙe kirarin mazan jiya a ka, duk ba su cikin lissafi. Idan kuwa aka ga fage ya cika ba lokacin zaɓen wakilai ba, a duba da kyau, sau da yawa akwai ɗan takarar da ke neman taron da zai yi wa jawabi. Ya ajiye ambulan, a yi masa kirarin da ya fi na zakaran, ya tafi sai wani zaɓen. Wannan ba raya al'ada ba ne, hayarta ne.

Za a ce mana zamani ya sauya: samari na tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, kuma rashin tsaro ya addabi wasu sassan arewacin Dogon Dutsi. Gaskiya ne, amma hujjar tamu ce, ba tasu ba. Saurayin da ba shi da abin da zai jira a gida, me zai tsayar da shi ko na mako biyu? Ƙauyukan da suka daina ziyartar juna kuma, ba su ne baƙon sharri ya fi jin daɗin shiga tsakaninsu ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda taron dare ya gagara, a yi na hantsi. Inda hanya ba ta biyuwa, a matso da fage wurin da ake iya zuwa.

Wasu kuma za su ce kokowa cike take da layu da guraye, don haka a nisance ta. Mai wannan magana ya yi wa'azi a kan layar, hakkinsa ne. Amma littattafan hadisi sun kawo labarin kokowar Annabi (SAW) da Rukana. Ba a rushe rijiya don guga ya yi datti.

Masu ganin cewa wasan ƙauye abin ƙauyanci ne, su leƙa Ostareliya. A can, a tsakiyar hamada, akwai garin Yuwendumu na Walpiri, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar, kimanin kilomita 300 daga birnin Alis Sifirin. Sama da shekara hamsin ke nan suna taron wasanni kowace shekara, dangi na cin doguwar hanya daga garuruwa masu nisa don su halarta. Ba kofi ke jawo su ba, ganin juna ne. Mu da tsakanin garuruwanmu bai wuce tafiyar amalanke ba, wane uzuri gare mu?

Maganin ba ya bukatar miliyoyi. Tun da aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma a 2011, ƙasar Arewa tana da kwamin goma: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗankasari, Dogon Kirya da Sukukutan a gefe guda, Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mai Ruwa a ɗaya gefen. Kowace ta sa ranar kokowarta tsakanin ƙarshen girbi da tashin ƴan ci-rani, ta riƙa zagayawa ƙauye-ƙauye, kada ta maƙale a hedikwata. A raba fage gida uku, yara da matasa da manya. A haɗa da langa da dara da sukuwar dawaki, don kowa ya sami nasa. Kyauta ta zama damin gero ko rago daga aljihun gari, ba ambulan ɗin mai neman ƙuri'a ba. Sarkin Arewa da Kona da Samna su sa albarka, magadan gari su ɗauki nauyin ruwa da tsaro, amma ragamar ta tsaya hannun samari da dattawansu.

Ku kuma malaman makaranta, naku aikin ya fi na kowa gaggawa. Ku ne ke cikin ƙauyukan da babu wani ma'aikacin gwamnati sai ku. Ku shata fage a harabar makaranta. Ku tura ɗalibai wurin tsofaffi su rubuto sunayen ƴan kokowar garinsu da kirarinsu da Hausa, tun masu riƙe da su ba su kwanta dama ba. Ƙungiyoyin al'adu su tattara waɗannan rubuce-rubuce, su buga, maimakon ɓata shekara ana tarukan ƙara wa juna sani a kan al'adar da ba a zuwa kallonta.

Ranar da fagen ƙauye ya mutu, Takobi ba zai rasa mai ɗauka ba, amma zai rasa ma'ana. Girbi na tafe. A fara shirya goron gayyata.