Ra'ayinmu: Kunya da Nauyin Baki

A farkon kowace shekarar karatu mukan ga irinsa a bakin ofishin rajista: saurayi daga Mungadi, ko Maiyama, ko wani ƙauye na gefen Jega, riƙe da takardunsa tun hantsi har azahar, domin ya kasa buɗe baki ya tambayi wace taga ce tasa. Abin mamaki, a gida ba haka yake ba. Shi ne wanda mahaifinsa kan aika kasuwar Aliero da buhunan albasa, ya ja da dillalai har ya sami farashin da yake so. Amma da ya ga ofis da bel, ya ji Turanci, sai harshensa ya ɗaure.

Iyayenmu sun yi mana tarbiyya a kan kunya, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Yaro ba ya kallon ƙwayar idon babba, ba ya tsoma baki in manya na zance. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri. To, amma kunya tana da gurbinta, wato gaban mahaifi da malami da suruki. Abin da ke riƙe ɗalibi a aji kuwa tsoro ne ya ari rigar kunya: tsoron kada Turancinsa ya karye a bushe da dariya, ko kuwa, in Kano ko Zariya ya tafi, a kwaikwayi "awo" ɗinsa ta mutanen yamma.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Akwai wanda sakamakon jarrabawarsa bai fito ba, ya yi shiru har lokacin gyara ya wuce, ya maimaita shekara. Tun 1973 hidimar ƙasa ke kai masu digiri jihohin da ba su san kowa ba, inda ba wanda zai yi musu magana sai bakinsu. Daga nan sai ganawar neman aiki. Wanda ya sami aikin ma, in aka shiga taro yakan zauna da shawarar kirki a cikinsa, har wani mai kaifin baki ya faɗe ta, a rubuta da sunansa.

Ba muna cewa kowa ya zama sarkin surutu ba ne. Harabar nan ba ta rasa su ba, musamman lokacin zaɓen ƙungiya. Masu karatu za su tuna ranar 31 ga Maris 2015, sa'ad da tsohon minista Godsday Orubebe ya riƙe makirufo yana ɗaga murya a zauren tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja. Farfesa Attahiru Jega ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ba shi amsa cikin sanyin murya, aka ci gaba da aiki. Mai ƙarancin magana yana da wannan riba a kan mai yawanta, domin ya iya saurare. Abin da ya rage masa shi ne ya furta nasa in lokaci ya yi.

Makamin kuwa yana hannunsa tun daga gida, wato gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida: kafin a kai ƙarshe baƙunta ta ragu, tambaya ta sami hanyar fita. Wanda ya gaishe da akawu bisa ladabi ya ci rabin buƙatarsa. A aji kuma, sai ya rubuta tambayarsa a takarda tun da dare, ya karanta ta ko da muryarsa na rawa. Ta biyu ba za ta kai ta farko wuya ba.

Saboda haka muna kira ga majalisar ɗalibai da ta ware maraice ɗaya a mako domin hira da muhawara, rabi da Hausa rabi da Turanci, a cikin rukunoni ƙanana da ba su wuce mutum goma ba, a kuma hana dariyar kuskure. Tsofaffin ɗalibai na kowace ƙaramar hukuma su riƙa raka sababbin garinsu ofis a makon farko, amma su tsaya a baya, su bar sabon ya yi tambayar da kansa.